Yatsu Uku

"Ba zan sa hannu ba, Yallaɓai."

Manaja ya ɗago kai daga kwamfutarsa a hankali, kamar wanda ya ji kujera ta yi magana. Takardu biyu ne a kan teburinsa, da biro kwance a kansu. Ta farko tana cewa na duba Anti Rediyo, ɗaya daga cikin ma'aikatanmu, na same ta garau, za ta iya komawa amsa waya gobe. Ta biyu rahotona ne na wata uku, amma an yi masa aski: duk inda na rubuta ciwon gaɓar muƙamuƙi an goge, an sa ciwon haƙori.

"Sista, ban ji ki da kyau ba."

"Ka ji ni. Matar nan ba ta iya buɗe baki ya wuce yatsa ɗaya. Kuma wannan ba rahotona ba ne."

Ya jingina da kujera yana tauna cingam, kamar kullum. Ya tuna mini abin da na riga na sani. Ranar Juma'a watannina shida na gwaji za su cika, kuma shi ne zai rubuta ko a tabbatar da ni a aiki ko a sallame ni. Ranar Alhamis kuma likitar babban ofis za ta zo duba ɗakin jinya, kuma rahoton da zai miƙa mata shi ne wanda na sa wa hannu.

"Yau Litinin," in ji shi. "Ki tafi da su, ki karanta a natse. Ƙanwata, makaranta daban, aiki daban."

Na ɗauki takardun, na bar masa bironsa.

Ni ce nas ɗin kamfanin. Ɗakina ƙarami ne a ƙarshen baranda, da gado ɗaya, da kabad ɗin magani, da rajista. Daga ƙofata ina hango babban zauren da mutum sittin da biyu suke zaune a layi-layi suna amsa kiran masu ƙorafi a kan firij da fanka da talabijin. A kowane tebur akwai waya, da kwamfuta, da ƙaramin madubi, don mai magana ya riƙa ganin ko yana murmushi. Wai mai kira yana jin murmushi ta cikin waya.

Saboda wannan murmushin ne ake yin atisayen fensir. Kullum da safe, kafin a buɗe layi, shugabar zauren, wadda suke kira Mai Agogo don ita ke ƙirga daƙiƙun kowane kira, takan tsaya a gaba, kowa ya gitta fensir a tsakanin haƙoransa, su karanta gaisuwar kamfani da ƙarfi na minti goma. Ranar da na fara gani sai da na koma ɗaki na yi dariya har da hawaye. Daga baya dariyar ta ƙare.

Da can suna da abin sawa a kunne mai haɗe da makirufo. Suka lalace ɗaya bayan ɗaya, ba a sayo wasu ba. Sai aka koma ga kan waya da ake riƙewa da hannu. Amma hannu biyu suna kan madannan kwamfuta, saboda haka kowa ya maƙale kan wayar tsakanin kafaɗa da muƙamuƙi, ya karkace wuya, yana magana yana rubutu, awa takwas. In ka tsaya daga baya, sai ka ga zauren duka ya kwanta gefe kamar gonar da iska ta bi ta kanta.

Anti Rediyo ce ta buɗe mini ido. Ita ce ta fi kowa daɗewa a zauren, shekara goma sha ɗaya, kuma muryarta ce ta jawo mata sunan. Mutum zai kira yana kumfar baki, ya ajiye waya yana yi mata godiya. Wata rana ta shigo ɗakina riƙe da kunci.

"Sista, ba ni mai ƙarfin nan. Na cire na biyu, amma shegen ciwon yana nan."

"Na biyun me?"

"Haƙori mana. Na turmi. Wata biyu da suka wuce na cire ɗaya, makon jiya na ƙara. Saura kaɗan in koma shan nono."

Na haska bakinta. Ramuka biyu a gefen hagu, sauran haƙoran kuma tas. Na sa yatsuna a gaban kunnuwanta, daidai inda muƙamuƙi yake haɗuwa da ƙashin kai, na ce ta buɗe baki. Na ji ƙas a ƙarƙashin yatsana na hagu, haɓarta ta goce gefe kafin ta dawo. Na ce ta jera yatsunta uku a tsaye ta sa tsakanin haƙoran gaba. Mai lafiya yakan iya. Ita biyu suka shiga, da ƙyar.

"Anti, a wane gefe kike maƙale waya?"

"Hagu."

"Haƙoran nan da kika cire ba su yi miki laifin komai ba."

Ta shafa kuncinta. Sannan ta ce, "To wa zai mayar mini da su?"

Daga ranar na koma rajista na bi ta daga farko. Ciwon kai, ciwon kunne, ciwon haƙori, ciwon kai, ciwon kunne. Duk wanda ya shigo neman magani, sai na sa shi gwajin yatsu uku, na taɓa gaban kunnuwansa, na tambaye shi yaushe abin ya fara, kuma a wane gefe yake riƙe waya. Har suka sa mini suna Sista Yatsu Uku. In na ratsa zauren, maza sukan ɗaga mini yatsu kamar masu gaisuwar soja. Ban damu ba. Cikin sittin da biyu, na samu ashirin da bakwai. Huɗu daga cikinsu sun riga sun cire haƙoran da ba su da laifi.

Mako guda kafin Litinin ɗin nan ne bakin Anti ya kulle tana tsakiyar kira. Ta faɗi rabin kalma, sauran ya maƙale. Ta zo mini da gudu, hannu a haɓa, idanu waje. Na raka ta asibiti, likita ya rubuta mata hutun mako uku daga magana mai tsawo. Wannan hutun ne Manaja yake so in karya da sa hannuna.

Na yi zaton da shi kaɗai zan yi faɗa. Ranar Talata da hantsi sai ga Anti da kanta a ɗakina. Ta rufe ƙofa, ta zauna a bakin gado. Magana take yi ta tsakanin haƙora, ina matsawa kusa kafin in ji.

"Ki sa hannu, 'yar nan."

"Anti!"

"Mai Agogo ta kira ni. Duk wanda ya yi sama da mako biyu ba ya kan layi, teburinsa ya zama na wani. Doka ce."

"In kika koma yanzu, zai sake kullewa. Wataƙila wannan karon ya fi haka."

"Bakina ne ko naki?"

"Naki ne. Amma hannun nawa ne."

Ta yi wata 'yar dariya, ta dafe kunci don zafi. "Ke kam an zuba miki boko har ya toshe miki kunne. Yara uku gare ni, ubansu yana kwance. Shekara goma sha ɗaya ina kan teburin nan, na san kowace tsaga a jikinsa. Ke kin zo jiya, kin ƙirga mu kamar awaki, yanzu kina so ki yi suna da mu."

Maganar ta soke ni, amma ban nuna ba. Na ɗauko tawul, na jiƙa da ruwan ɗumi, na miƙa mata ta ɗora a kunci. Ta karɓa, ta ajiye a kan gado ba ta yi amfani da shi ba, ta fita ta bar ƙofa a buɗe.

Laraba da yamma na tarar da Baba a shagonsa da ke gaban gida, yana kan keken ɗinki, allurai uku a leɓensa. Mama ta kawo mana shayi da burodi. Ina ci ina ba su labari.

Mama ta ce, "Shekara biyu kina yawo da takardu kafin ki samu aikin nan. Shekara biyu! Takalmi nawa kika kashe? Ita mai bakin ta ce ki sa, mai kamfanin ya ce ki sa, ke wace ce?"

"Ni ce wadda sunanta zai zauna a ƙasan takardar, Mama."

"Suna ake ci?"

Baba ya kai ƙarshen ɗinkin, ya cire allurai daga baki ɗaya bayan ɗaya ya soke a matashi.

"Me ya sa kike tauna da gefe ɗaya?"

"Ni?"

"Ke. Kwana biyun nan nake kallon ki. Kina jiƙa burodi a shayi kamar tsohuwa."

Na ce ba komai. Gaskiya kuwa tun da aka fara rigimar nan nake tashi da safe in ji haƙorana a dantse, kuncina ya yi tsami kamar na wuni ina tauna roba. Ni da nake gaya wa mutane su saki muƙamuƙi, su bar harshe ya kwanta, ban iya sakin nawa ba.

Baba ya ce, "Taurin kan nan a wurina kika ɗauka, ba zan ce ki mayar ba. Amma ki sani, in kika tsaya, ba wanda zai tafa miki. Ki tsaya don kin ga daidai ne, kada ki tsaya don a gan ki a tsaye."

Mama ta kwashe kofuna da ƙarfi. "Ku biyun nan sai ku kashe mutum."

Ranar Alhamis na farka bakina ya ƙi buɗuwa. Na tsaya gaban madubi na gwada. Yatsa ɗaya da rabi. Buroshi ma da dabara ya shiga. Na yi gashi da ruwan ɗumi, na murza kunci, na sha magani, ya ɗan saki zuwa yatsu biyu. Na goge farar rigata da kyau, na ɗauki rajista da rahotona na asali. A cikin motar haya na riƙa maimaita abin da zan faɗa a zuci, saboda na san kalmomin da bakina zai ba ni yau ƙidayayyu ne.

Ƙarfe goma aka kira ni ɗakin taro. Likitar babban ofis dattijuwa ce mai tabarau, da alamar gajiya a fuskarta, irin ta wanda ya zagaya rassa da yawa. Manaja yana damanta, Mai Agogo tana hagunta. Ni aka bar wa kujerar da ke fuskantarsu.

Likita ta ce, "An gaya mini babu rahoto, saboda kin ƙi sa hannu."

"Akwai rahoto, Likita. Ga shi." Na tura mata nawa.

Manaja bai yi fushi ba. Murmushi ya yi, irin na fensir. Ya bari ta karanta shafin farko, sannan ya buɗe wata takarda da ya bugo.

"Likita, ni ba likita ba ne, amma na yi ɗan bincike. Ciwon nan na muƙamuƙi, an ce a cikin manya kusan mutum ɗaya cikin uku yana da alamarsa. Ko ba haka ba?"

"Ana samun ƙiyasi kusa da haka," in ji ta. "Ya danganta da yadda aka auna."

"Madalla. To in ka tara mutum sittin daga kan titi, ashirin suna da shi. Mu an ce muna da ashirin da bakwai, kuma wadda ta ƙirga ɗin nema take yi ido rufe. Ina abin tayar da hankali? Ni kaina, ku saurara."

Ya cire cingam, ya wangale baki. Ƙas! Duk muka ji.

"Shekara goma ke nan yana yi. Ni waya nake maƙalewa? Ciwon duniya ne, Likita. Yarinyar nan tana so ta ɗora wa kamfani abin da kowa yake yawo da shi."

Mai Agogo ta yi dariya. Likita ta rufe rahoton, ta ɗora hannu a kai. Na ga abin yana zamewa daga hannuna. Na buɗe baki in yi magana, zafi ya harba daga gaban kunnena zuwa ido. Na dafe tebur.

Likita ta leƙo ta saman tabarau. "Ke ma?"

"Ni ma."

"Kin ji!" in ji Manaja. "Ita ma ba ta amsa waya."

Na yi magana a hankali, kalma bayan kalma, ta 'yar kafar da ta rage mini.

"Gaskiya ya faɗa. Ciwon yana da yawa ko'ina. Nawa na dantse haƙori ne, nasa wataƙila na cingam ne. Ban ce kamfani ya ƙirƙiro shi ba. Likita, shafi na huɗu."

Ta buɗe.

"Cikin ashirin da bakwai, goma sha tara ciwonsu ya fara ne bayan abin kunnensu ya lalace. Na rubuta watan kowa. Ashirin da huɗu kuma ciwon yana gefen da suke maƙale waya. Mai maƙalewa a hagu, hagu. Mai maƙalewa a dama, dama. Mutanen kan titi ba sa jeruwa haka."

Likita ta bi layukan da bironta har ƙasa, ta koma sama.

"Mene ne atisayen fensir?"

Mai Agogo ta gyara zama. "Horo ne na murya, Likita. Ana yin sa a wurare da yawa."

"Ga wanda gaɓarsa ta riga ta kumbura?" na ce. "Minti goma, kullum?"

"Ba da ke ake magana ba," in ji Manaja.

Likita ta miƙe, ta fita. Muka bi ta. Ta tsaya a bayan zauren, inda nake tsayawa, ta kalli kawuna sama da sittin a karkace. Sannan ta taka zuwa tebur na kusa, ta zaro fensir daga kofi, ta juya shi a haske. Jikinsa duk sawun haƙori ne, fentin ya ɓare har itace ya fito. Ta zaro na tebur na gaba, haka. Ta sa su biyun a jakarta.

Muna komawa ta ce hutun Anti Rediyo yana nan yadda likitan asibiti ya rubuta, ba mai taɓa shi. Ta ce za ta tafi da rahotona yadda yake. Sannan ta dube ni.

"Ki je a duba miki naki. Kuma ki koyi magana da manya, bakinki yana da kaifi ko a kulle."

Ba ta ce komai a kan aikina ba. Ba huruminta ba ne, na sani, amma na tsaya ina jira har ta shiga mota.

Manaja ya wuce ni a baranda. Bai ɗaga murya ba. "Kin yi ƙoƙari, ƙanwata," in ji shi.

Ranar Juma'a da azahar aka kawo mini ambulan. Layi uku ne: kamfani ya gode, ba za a tabbatar da ni ba, dalili rashin haɗin kai da shugabanni. Na kwashe kofina da abin awon hawan jini wanda yake nawa, na miƙa makullin kabad. Sai da na ratsa zauren kafin in kai ƙofa. Babu wanda ya ɗaga mini yatsu uku ranar. Kowa ya manne da wayarsa, idonsa a kan madubi. Na miƙe wuya na taka a hankali, don kada wani ya ce ya ga na fita da sauri.

Bayan wata uku na ji an kawo sabbin abin sawa a kunne, an kuma daina atisayen fensir. A takardar sanarwar, an ce shawarar Manaja ce don jin daɗin ma'aikata.

Anti Rediyo ta gama hutunta ta koma, ta tarar da wata a teburinta. Aka tura ta ɗakin ajiyar fayil, inda ba ta magana da kowa daga safe har yamma. Na haɗu da ita sau ɗaya a layin asibiti, mu biyun muna jiran likita ɗaya. Na gaishe ta, ta amsa a taƙaice. Na tambaye ta bakin, sai ta jera yatsu uku ta sa, suka shiga. Ta cire, ta goge a gefen mayafinta.

"Ya buɗe," in ji ta. "Sai dai ba mai sauraro."

Aka kira lambarta ta shiga, ba ta waiwayo ba.

Yau wata bakwai ke nan ina gida. Wurare biyu sun kira ni ganawar neman aiki, duka biyun sun nemi takardar shaida daga inda na baro, kuma na san abin da ke cikinta. Ina taya Baba sa maɓalli a shago. Mama ta daina maganar, wanda ya fi maganar ciwo. Bakina yana buɗuwa yatsu biyu da rabi, kuma har yanzu da gefe ɗaya nake tauna.

Abin da ƙin sa hannun ya ci ke nan: aikina, da sunana a wurin masu ɗaukar aiki, da teburin da Anti ta yi shekara goma sha ɗaya a kai, da gaisuwar da take yi mini da fara'a. Nawa na biya da sanina. Na Anti kuwa ni na jawo mata, bayan ta roƙe ni da bakinta kada in yi. In aka sake ajiye takardar a gabana ba zan sa hannu ba, amma ba zan ce wa kowa abin ya zo da sauƙi ba.